Na'urorin da ke auna jini da haske ta saman fata: wanne ne abin dogaro?

MaiKemis_Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga ma'aikatan lafiya ce da masu gyaran kayan asibiti. Yanzu a nan Kumasi, daga Adum har Kejetiya, ana sayar da kayan awo da ake cewa ba sa bukatar allura, haske kawai suke haskawa a fata: ƙaramar na'urar da ake matsa wa yatsa don auna iskar oksijin, agogon hannu da aka ce yana auna sikari, har da wadda ake ɗora wa jariri a goshi don duba shawara. Masu saye suna tambaya a kanti, ni kuma ba na son sayar da abin da zai yaudari mara lafiya. Ta yaya haske ke sanin abin da ke cikin jini? Kuma wanne ne gaskiya a cikinsu?

InjiniyanKayanAsibiti

Wa alaikumus salam Malam. Mu fara da ta yatsa, oksimita, don ita ce ta fi tsayuwa da ƙafafunta. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, shi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970.

Idan ka buɗe ta za ka ga ƙananan ƙwayayen LED biyu a gefe guda. Ɗaya ja ne, tsawon zangonsa nanomita 660. Ɗayan infared ne, wajen nanomita 940, ido ba ya ganinsa. A ɗaya gefen akwai idon da ke karɓar hasken da ya ratsa yatsa. Himogulobin shi ne sinadarin da ke dakon oksijin a cikin jini. Wanda ke ɗauke da oksijin yana barin jan haske ya wuce, yana shanye infared. Wanda ya sauke oksijin ɗinsa kuwa jan hasken ya fi shanyewa, shi ya sa jinin da iska ta yi masa ƙaranci yake yin duhu.

Sai dai fata da ƙashi da farce da nama su ma suna shan haske, kuma nasu ya fi yawa nesa ba kusa ba. Dabarar Aoyagi ita ce a yi watsi da duk hasken da ba ya canzawa, a kama ɗan abin da ke hawa da sauka da kowane bugun zuciya, tunda jinin jijiyar da ke bugawa ne kaɗai ke yin haka. Wannan ɗan motsi sau da yawa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken ba. Na'urar tana kwatanta motsin ja da na infared ta sami adadi guda. Idan adadin ya kai wajen 0.5, oksijin na kusa da 100. Idan ya kai 1, wajen 85 ke nan. Ba lissafi tsantsa ba ne: kamfani yana samun teburinsa ne ta gwajin mutane masu lafiya da aka rage musu iska har zuwa 70, ana ɗibar jininsu ana kwatantawa. Saboda haka duk lambar da ke ƙasa da 70 kintace ce, kuma ko mai kyau tana iya kaucewa da maki 2 zuwa 3.

Wajen awo, mutum ya zauna ya huta minti 5. A goge jan farce, musamman baƙi, shuɗi ko kore. Lalle ja bai cika damu ba, amma baƙin lalle mai kauri yana tare haske, sai a nemi yatsan da babu. Hannu ya kwanta a cinya ko tebur, yatsan tsakiya ko manuni ya shiga har ƙarshe, a jira daƙiƙa 30 zuwa 60 lambar ta tsaya. Da asubar hunturu yatsu kan yi sanyi, jini ya janye, na'urar ta yi ta tsalle: a murza hannu ya ɗumama tukuna. Mai nuna PI, wato ƙarfin bugun jini a yatsa, idan ya faɗi ƙasa da 1, a sake bayan an ɗumama. Kada a auna a tsakar rana ba tare da an rufe hannun da ƙyalle ba, kuma batir AAA da ya yi rauni yana rage hasken ƙwayayen. Abu na ƙarshe, ka ƙirga bugun wuyan hannu da kanka. In bai yi daidai da wanda na'urar ta nuna ba, lambar oksijin ɗin ma ba abin yarda ba ce.

Nas_Asawase

Injiniya ya yi bayani, Allah ya saka da alheri. Amma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, wato baƙar fata. Melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, yana shan jan haske fiye da infared, kuma da yawa daga cikin na'urorin nan an daidaita su ne a jikin mutanen da akasarinsu farare ne. A ƙarshen 2020 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka suka fitar da bincike: cikin awon da oksimita ta nuna 92 zuwa 96, an samu wajen kashi 12 cikin 100 na baƙar fata ainihin oksijin ɗin jininsu yana ƙasa da 88, alhali a farare bai kai kashi 4 ba. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta yi gargaɗi a kan haka a Fabrairun 2021. Kuskuren yana karkata ne zuwa sama, wato yana kwantar wa mutum hankali lokacin da bai kamata ba.

Don haka a wurinmu 95 zuwa sama ga mai numfashi lafiya ba damuwa. Daga 92 zuwa 94 tare da haki, ko tari da zazzaɓi, a je asibiti, kada a tsaya jiran ta sauka. Ƙasa da 90 gaggawa ce, musamman ga yaro. Kumasi ba tudu mai tsawo ba ce da za a ce ƙarancin iskar wuri ne ya sauke lambar.

Wurare biyu ne oksimita ke yin ƙarya ƙiri-ƙiri. Na farko hayaƙin gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Gubar hayaƙin tana manne wa himogulobin ta mai da shi ja jawur, na'urar ta ɗauka oksijin ne, ta nuna 98 mutum na mutuwa. Duk wanda aka fito da shi daga ɗakin da aka kwana da kurfoti yana ciwon kai, jiri ko amai, a manta da lambar, a fitar da shi iska a wuce asibiti.

Na biyu ƙarancin jini. Na'urar ba ta ƙirga yawan himogulobin, cikarsa kawai take faɗa. Kamar tashar da tirotiro uku kacal suka rage, kowace ta cika maƙil: cika dai an cika, amma mutum nawa aka kwasa? Mai ciki ko yaron da zazzaɓin sauro ya shanye wa jini har himogulobin ya koma giram 5 a desilita (giram 50 a lita) yana iya nuna 99. Masu sikila ma lambarsu kan kauce, a haɗa da yadda jikinsu yake. Awon yawan jini dai sai an ɗiba.

MaiKemis_Aboabo

Na gode ƙwarai, Hajiya Nas. To agogon sikarin fa? Shi aka fi tambaya.

InjiniyanKayanAsibiti

Kada ka ajiye shi a kantinka, Malam. A Fabrairun 2024 FDA ta bayyana cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sikari ba tare da huda fata ba.

Dalilin a bayyane yake. Lita guda ta jini tana ɗauke da himogulobin giram 120 zuwa 150, kuma yana da launi mai ƙarfi. Sikari a 5 mmol/L bai kai giram 1 ba a lita, ba shi da launi, kuma ɗan infared da yake sha yana zangon da ruwa ya mamaye, jiki kuwa yawancinsa ruwa ne. Gumi, zafin fata, ko yadda aka ɗaure agogon sun isa su binne alamar. Koren hasken da ke bayan agogo bugun zuciya yake bi, kuma nan yana ƙoƙari. Lambar sikarin kuwa ba daga jini ta fito ba. Mai shakka ya auna da tsinken gwaji kafin cin waakye da awa 2 bayansa, ya kwatanta da agogon. Haɗarin yana kan mai allurar insulin: sikari na ƙasa da 3.9, agogo na cewa 6.

Farin faifan da ake mannawa a dantse, irin FreeStyle Libre, wani abu ne daban. Yana da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, ana canza shi bayan kwana 14, ba da haske yake aiki ba.

Ungozoma_Nima

Daga Accra nake gaishe ku. Ta shawarar jarirai gaskiya ce, amma kayan asibiti ce, ba ta gida ba. Bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara, ruwan ɗorawa ne, yana shan shuɗin haske wajen nanomita 450 zuwa 460. Na'urar, irin Dräger JM-105, tana walƙa haske a fata ta auna wanda ya dawo, ta yi amfani da kore don cire tasirin jini. Ana goge bakinta, a danna a goshi ko ƙashin ƙirji sau 3 a ɗauki matsakaici, a kauce wa gashi, tabo da wurin da jini ya kwanta.

A baƙar fata takan nuna sama da gaskiya, akasin matsalar oksimita. Illarsa ƙarin ɗibar jini ne, wanda ya fi a rasa yaron da ke cikin haɗari. Idan ta haura 250 µmol/L, ko ta zo cikin tazarar 50 da layin fara magani, sai gwajin jini. Ba a dogara da ita ga jaririn da shawara ta fito masa cikin awa 24 na farko, ko wanda aka haifa kafin mako 35, ko wanda aka riga aka sa ƙarƙashin shuɗiyar fitilar maganin shawara, don fitilar tana wanke fata kafin ta wanke jini.

A nan Gana an gwada manhajar waya mai suna neoSCB, aikin haɗin gwiwar Jami'ar Gana da jami'ar UCL ta Landan, a kan jarirai sama da 300. Hoton farin ido take ɗauka, tunda launin fata ba ya shafarsa, kuma an buga sakamakon a 2022.

Abin da za ka iya gaya wa iyaye a kanti, Malam: a duba farin idon jariri da dasashinsa a hasken rana kusa da taga, kowace rana a makon farko, kada a jira ranar suna. Ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yi yawa a cikinmu, don haka a raba kayan jariri da ƙwallon kafur da ake sa wa a akwati, yana fasa ƙwayoyin jini ya tayar da shawara cikin sauri. Shanya yaro a rana ko ba shi ruwan gulukos ba ya maye gurbin fitilar asibiti. Jaririn da ya yi ɗorawa har tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi mama, ko yake sanƙarewa da kuka mai ƙara, a kai shi a ranar: ku a Kumasi Komfo Anokye ko asibitin gwamnati mafi kusa, mu nan Korle Bu ko Ridge.