Taliyar zukini tana tsinkewa a kasko, ina mafita?

Maman Biyu, Abuja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da likita ya ce sugan Abban yara ya hau, a rage masa shinkafa da tuwo da taliya, kicin ɗina ya rikice, domin mutumin nan in ba a sauke taliya da daddare ba gani yake ba a yi girki ba. Ƙanwata da ke karatu a Ingila ce ta aiko min da wani ɗan inji na roba da ake murza kayan lambu a ciki su fito zare-zare, ta ce in gwada da zukini. Ga wadda ba ta san shi ba, a ido za ki ɗauka kokwamba ne, amma ɗan gidan su kabewa ne. A kasuwar manoma ta Maitama nake samunsa wajen masu kayan Jos, kuma ba arha gare shi ba.

Murzawar ba ta ba ni wahala, zaren yana fitowa gwanin sha'awa. A kan wuta ake samun matsala. Da ya shiga kasko sai ya saki ruwa, miyar da na tsaya na soya ta tsinke, shi kuma ya yi laƙwas. Tafasawa a ruwan zafi kuwa ba a magana. Don Allah wadda ta iya ta koya min. Sannan ina fita aiki, sai bayan la'asar nake shigowa gida: zan iya murza na sati guda ranar Lahadi in ajiye? Firij ko firiza?

'Yar Jos

Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Ni na daɗe ina yi wa Hajiyarmu, ita ma sugan ke damunta, kuma nan kasuwar Farin Gada zukini ba ya yanke mana.

Abin da kika sani na dafa taliya ki ajiye shi gefe. Taliya busasshiya ce, shan ruwa take yi a wuta. Zukini kuwa kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, zafi na taɓa shi zai fara zubarwa. Duk aikin shi ne ki raba shi da ruwan nan kafin ya haɗu da miyarki.

Tun daga kasuwa ake farawa. Masu sayarwa za su riƙa miƙo miki manya-manyan don sun fi cika ido, kada ki karɓa. Cikinsu laushi ne da 'ya'ya, su ne suka fi kowane ruwa. Ki zaɓi matsakaita, tsawon santimita 15 zuwa 20, waɗanda in kin danna za ki ji tauri, fatar tana sheƙi. Ki wanke kawai, kada ki fere, bawon ne ke riƙe zaren. In kin murza kin iso tsakiyar nan mai 'ya'ya ki tsaya, ki yanka ta ki ajiye, gobe da safe ta shiga wainar ƙwai. Zaren kuma ki sa almakashi ki rage masa tsawo, in ba haka ba wajen juyawa zai dunƙule.

Sai gishiri. Ki zuba zaren a kwandon tace taliya, ki barbaɗa kamar rabin ƙaramin cokali ga zukini biyu, ki cakuɗa da hannu ki bar shi minti 20 zuwa 30. Ki sa kwano a ƙasa, za ki sha mamakin ruwan da zai taru. Daga nan ki juye a ƙyalle mai tsabta ki matse a hankali, ba irin matsar wanki ba. Ki tuna ki rage gishiri da magi a miya tunda ya riga ya sha nasa. In maigida yana da hawan jini ki ɗauraye gishirin kafin ki matse, ko ki bar gishirin gaba ɗaya, ki baza zaren a kan ƙyalle ƙarƙashin fanka ya sha iska. Bai kai na gishirin ba, amma ya fi babu.

Wajen wuta yawancinmu muke ɓata shi. Kasko mai faɗi, ba tukunya ba. Ki bari ya yi zafi sosai, mai cokali ɗaya, tafarnuwa in kina so, ki zuba zaren kaɗan-kaɗan yadda kowanne zai taɓa ƙarfen. In kika cika kaskon, turara kansa zai yi da tururinsa, kin koma gidan jiya. Ba a rufewa. Minti ɗaya zuwa biyu kina juyawa, ki sauke tun yana da sauran ƙarfi a haƙori, domin zafin jikinsa zai ƙarasa shi a faranti. Ni in na ga launin ya ƙara kore shar, na san lokaci ya yi.

Miyar kuma daban, ki soya ta ta yi kauri har mai ya taso sama, tattasai ya fi tumatir yawa. Kada su haɗu a tukunya, a faranti za su haɗu, lokacin da mai ci ya riga ya zauna. Akwai ma ranar da ba na kai shi wuta sam, miya mai zafi nake zubawa a kan ɗanyen ta laushe shi da kanta. Hajiyarmu ba ta son wannan, ta ce ita ba akuya ba ce, amma ni ya fi min daɗi.

Maganar ajiya, na sati guda ba zai yiwu ba. Ɗanye wanda ba a sa wa gishiri ba, a roba mai murfi, tishu a ƙasa tishu a sama, kina canzawa in ya jiƙe, yana kwana uku ko huɗu in firij ɗin bai tsaya ba. Da yadda ake ɗauke mana wuta, ni kwana biyu nake ba shi. In ya fara yauƙi ko wari ya canza ki zubar. Wanda ba a yanka ba ya fi jurewa, yana kai kusan sati a aljihun ƙasa na firij, muddin ba ki wanke shi ba. To tunda murzawar ba ta wuce minti biyu, ki ajiye shi ɗungurungum. Kina shigowa ki murza ki sa gishiri, kafin ki yi salla ki ɗumama miya ya tsane. Miyar ce za ki yi ta sati ki raba a robobi. Firiza kuwa ƙanƙara ce ke farfasa jikin zukinin, in ya narke sai dai ki zuba a farfesu ko miyar ganye, ba zai ƙara zama zare ba. Dafaffe ma ba ya kwana da daɗi, ki dafa daidai cikin mutum.

Baƙon Napoli

Hajiya Maman Biyu, a yi min afuwa na shigo zancen iyaye mata, amma a kicin ɗin gidan abinci nake aiki a nan Italiya, zukini kuwa kwali-kwali muke yankawa. Duk abin da Anti ta Jos ta faɗa haka yake. Ƙarin da zan yi a kan maigida ne.

Mutanen nan su suka fitar da irin zukinin da muka sani tun ƙarni na 19, su ne kuma masu taliya, amma tare suke cin su, ba sa cire ɗaya su sa ɗaya. Akwai wani ƙauye kusa da Sorrento, Nerano, da ya yi suna da taliya mai soyayyen zukini da cuku. Mayar da shi madadin taliya ya fi ƙarfi a wajen Amurkawa masu gudun sitaci. Giram 100 na zukini kalori 17 ne ko kusa da haka, dafaffiyar taliya mai wannan nauyi ta kai 150. Wannan ne amfaninsa, kuma shi ne illarsa: magidanci ya ci faranti guda, kafin ya kwanta yunwa ta dawo, ya lallaɓa ya nemi burodi da shayi. An yi ba a yi ba ke nan.

Shawarata ki yi rabi da rabi. Ki dafa rabin taliyar da ya saba ci, ki tace, ki haɗa da zukinin a kasko a minti na ƙarshe. Ki ɗora kifi ko kaza ko ƙwai ko wake a kai. Kuma kada ki ce masa taliya ce, cokali ɗaya zai gane, daga nan ya tsani abin.

Malamar Asibiti, Kaduna

Maman Biyu, abu biyu. Idan an ɗora maigida a kan allurar insulin ko ƙwayoyin suga irin su glibenclamide, kada a zaftare masa sitacin dare lokaci guda ba tare da likitansa ya sani ba. Suga na iya faɗuwa cikin dare, da gumi da rawar jiki da jiri, kuma wannan ya fi hawan sugan saurin yin illa. A riƙa gwadawa da na'urar gida a kai wa likita sakamakon.

Na biyu, ki ɗanɗana ɗan yanki ɗanye kafin ki murza. In kika ji ɗaci mai tsanani ki tofar, ki jefar da shi duka. Wani sinadari ne da dangin kabewa da duma ke fitarwa wani lokaci, dafuwa ba ta kashe shi, yana sa amai da gudawa mai tsanani. A 2015 wani dattijo a Jamus ya rasu bayan ya ci mai ɗacin daga lambu. Ba kasafai ake samu ba, amma ɗanɗanawa ba ta cin komai.

Maman Biyu, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na bi yadda kika ce, ruwan da ya taru a kwanon nan ya ba ni tsoro. Na yi rabi da rabi da miyar kifi, ya cinye, sai dai ya tambaya wa ya zuba masa ganye a taliya. Malama, metformin kaɗai yake sha, amma ranar asibiti zan bi shi in faɗa wa likitan da bakina, don shi ba zai faɗa ba. Saura tambaya ɗaya: zai yi da manja da yaji? Kuma in ya yi tsada ko ban samu ba, me zan sa?

'Yar Jos

Yana yi sosai, sai dai ki soya albasar a manjan tukuna ki zuba a kai, yajin kuma a faranti, domin gishirin cikinsa zai sake jawo ruwa in ya jima. In babu zukini ki yanka kabeji siriri-siriri ki yi masa irin wannan suyar, shi yana ɗaukar minti huɗu ko biyar. Karas ma yana murzuwa a injin naki, amma yana da zaƙi, ki haɗa shi da kabejin kada ki ba shi shi kaɗai. Kokwamba dai kada ki kai shi wuta.