'Yata ta zo da shuɗin ido, ina zan fara kai ta?

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da iyayen da suka taɓa ganin irin wannan, ku taimaka min.

Wata biyar ke nan da na haihu, muna zaune a Unguwar Dosa, Kaduna. Yarinyar tana girma lafiya, sai dai idanunta shuɗaye ne tar, irin wanda ake ce wa idon mage. Ni da babanta masu baƙin ido ne, haka yayyenta biyu. Tun ranar suna ake ƙus-ƙus a dangi, har surukata ta tambaya ko an taɓa samun irinsa a gidanmu. Maganar ta yi min ciwo sosai.

Na karanta cewa launin ido ya danganta da yawan sinadarin melanin (mai ba fata, gashi da ido launi), kuma ƙwayoyin gado da dama ne ke juya shi, manyansu OCA2 da HERC2 a kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 15. Iyaye kan iya ɗauke da gadon kakanni a ɓoye, idon jariri kuma kan ƙara duhu a shekarar farko. Nata dai bai canja ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne 'yar farar suma da ke gaban goshinta, kuma ko an buga ƙofa da ƙarfi ba ta firgita. Na ga cewa lalurar Waardenburg tana haɗa shuɗin ido da matsalar ji. Yarinyar ba zabiya ba ce, fatarta irin tamu ce.

Asibitin ido na Mando zan fara zuwa, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa? Kuma ana yi wa jaririya mai wata biyar gwajin ji?