Me ake yi a ƙaramin garin bakin teku ban da zaman otal?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya samu hutu, za mu kai yara wani ƙaramin gari da ke bakin teku. An ce mana babu gidan zu, babu wurin wasan yara, sai rairayi da kwale-kwalen masunta. 'Yan biyuna shekarunsu 8, ba su iya iyo ba, ni ma haka. Ba na so mu sha doguwar tafiya mu ƙare a ɗaki muna kallon talabijin. Don Allah me ake yi a waje a irin wannan wuri?

Tsohon Matuƙi: Wa'alaikumus salam, Maman Biyu. Kafin komai ki nemi jadawalin cikowar teku da janyewarsa na garin, ko a waya ana samu. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan ciko sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50, domin wata ne ke jan sa. Da wannan jadawalin za ku tsara yininku.

Idan ya janye, ku nufi wajen duwatsu. Ruwa yakan bar ƙananan kududdufai a tsakaninsu, garai-garai, kina hango ƙasa. Ki ce wa yaran su tsuguna su yi tsit, kada inuwarsu ta faɗa kan ruwan. Jim kaɗan abin da suka ɗauka tsakuwa ce zai fito da ƙafafu ya kama tafiya a karkace: ƙaguwa ce. Ga 'yan kifaye da ba su kai yatsa ba, ga katantanwa manne da dutse. Wallahi yaro zai share awa guda a nan bai nemi waya ba. Duk dutsen da suka ɗaga su mayar da shi yadda yake, akwai masu rai a ƙarƙashinsa. Ku sa takalmi mai kama ƙafa, gansakuka akwai santsi.

Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwan ya fi ja da baya, kuma ya fi cikowa. Ku baro duwatsun tun bai juyo ba, don yana iya zagayowa ta bayanku ya datse hanya.

Malamar Firamare: Yaya, tunda ba ku iya iyo ba, iyakarku idon sawu, hannun yaro cikin naki. Inda kika ga igiyar ruwa na fashewa dama da hagu amma tsakiya ya yi lumui, ya ɗan yi duhu, kada ki ce nan ne lafiya. Sau da yawa ta nan ruwan ke komawa teku da ƙarfi, yakan ja har gwanin iyo. Ki tambayi masunta inda 'ya'yansu ke wanka. Sannan daga ƙarfe 10 zuwa 4 ku nemi inuwa, iskar teku na sa mutum ya kasa jin zafin rana alhali tana ƙona shi.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Baba, kwale-kwale fa? Yaran sun dame ni da maganarsa.

Tsohon Matuƙi: Ku shiga, amma a mashigin kogi ko cikin itatuwan nan masu tsirowa a ruwan gishiri, inda ruwa ke kwance. Da sassafe ya fi, iska takan taso ne bayan rana ta take. Za ku ga zalɓe da balbela suna kiwo a taɓo. Kowa ya sa rigar hana nutsewa daidai jikinsa, ta babba ba ta yi wa ɗan shekara 8, zamewa take ta kansa. Matuƙin da ya ce ba shi da ta yara, ki gode masa ki nemi wani.