Ganyen tumatirina sai rawaya yake yi

Maman Yara: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Tumatirin da na shuka a tukwane ganyensa sai rawaya yake yi, alhali safe da yamma ina ba shi ruwa. In zuba masa taki ne?

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Hajiya, dakata tukuna. Waɗanne ganye ne, tsofaffin na ƙasa ko sabon toho?

Maman Yara: Na ƙasa ne. Sun yi laushi, da ka taɓa sai su faɗi.

Ɗan Auta: Yuriya kawai, Anti! Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, mako guda za ki ga kore.

Mai Lambu: Ɗan Auta, ka cika gaggawa. Gaskiya ne ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganye yake farawa, don shuka tana janye shi daga can ta kai wa sabon toho. Amma ruwa sau biyu a rana, a tukunya? Ni ruwan nake zargi. Idan ƙasa ta jiƙe jagab, saiwa ba ta samun iska, sai ta fara ruɓewa, ta kasa jan abinci ko da takin na nan. Hajiya, ki tsoma yatsa cikin ƙasar. In da danshi, kar ki ƙara. Ki kuma duba gindin tukunyar ko da huji.

Malama: Ni nawa lemo ne, Malam. Sabon ganye ne ke yin rawaya, jijiyoyinsa kuwa kore shar.

Mai Lambu: Wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Kina zuba toka?

Malama: Sosai ma, wai don ƙwari.

Mai Lambu: To ki daina. Toka tana rage tsamin ƙasa, kuma ma'aunin pH, wanda ke hawa idan tsamin ƙasa ya ragu, na haura 7, ƙarfen yana ƙasar amma saiwa ba ta iya ɗauka. Da a tsofaffin ganye kika ga irin wannan zane, da na ce ƙarancin sinadarin maganiziyam ne, a jiƙa gishirin Epsom, mai ɗauke da shi, kaɗan a fesa.

Ɗan Auta: A riƙa juya bayan ganye ma. Bara na yi ta zuba taki, ashe farin ƙuda ne ke tsotse min shuka.

Maman Yara: Na duba yanzu. Tukwane biyu ba huji ko ɗaya, ƙasar har warin tsami take yi. Na ciro guda, saiwar ta yi baƙi-baƙi.

Mai Lambu: Ki yanke ruɓaɓɓen, ki sauya ƙasa, ki huda tukwanen. Taki kuma sai kin ga sabon toho.

Ɗan Auta: Na janye yuriyata, Anti.