Na yi baftisma amma caca ta ƙi sakina, ina 'yancin yake?

Ɗan Sabon Rai:
Salama 'yan'uwa. Don Allah ku taimake ni da wannan abu da ke cina a rai. An yi mini baftisma shekara 3 da suka wuce, ina cikin ƙungiyar mawaƙa ma, amma cacar ƙwallo a waya ta ƙi rabuwa da ni, duk ranar Lahadi sai na durƙusa na yi kuka na ce na daina, kafin Talata da dare in an fara wasan Champions sai ka ga hannuna ya koma kan waya kamar ba ni ba, watan jiya har kuɗin hayar ɗaki na taɓa. To a Yohanna 8:36 Yesu ya ce wanda Ɗan ya 'yanta ya 'yantu da gaske, ni kuma ji nake kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ko dai tun farko ban sami ceto ba ne?

Mama Zumunta:
Ɗana sannu, Allah ya ba ka sauƙi. Gawa ba ta jin zafin bulala, tunda abin yana damunka har ka kasa barci to Ruhu Mai Tsarki bai bar ka ba. Ka buɗe Romawa 7 daga aya 15, manzo Bulus da kansa yana kukan cewa abin da yake so ya yi ba shi yake yi ba, wanda ya ƙi shi yake aikatawa. Amma kar ka shimfiɗa tabarma a nan, ka wuce zuwa sura 8.

Malamin Lahadi:
Mama kin yi gaskiya, sai dai masana sun rabu a kan Romawa 7 ɗin nan, wasu na cewa Bulus yana maganar rayuwarsa kafin ya tuba ne, wasu kuma bayan tuba, ni ba a nan zan tsaya ba. Ɗan'uwa ka duba Isra'ilawa, dare ɗaya Allah ya fitar da su daga Masar, Fir'auna ba shi da sauran iko a kansu, amma a Littafin Ƙidaya 11:5 ga su a jeji suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar, sun manta da bulala da aikin tubali. Kwaɗayin ne ya biyo su ba sarƙar ba. Romawa 6:14 ta ce zunubi ba zai mallake ka ba don kana ƙarƙashin alheri, wato tsohon ubangida zai yi ta ƙwala maka kira amma ba dole ka amsa ba. Kuma ka lura da Li'azaru, kwana 4 a kabari, Yesu ya tashe shi amma ya fito a naɗe da likkafani, mutanen da ke wurin aka ce su kwance shi. Wa ka bari ya kwance ka? Ko kana ɓoyewa don kar a sauke ka daga mawaƙa?

Tsohon Direba:
Ni burkutu ne ya riƙe ni shekara da shekaru, na yi azumi na gaji. Sai ranar da na cire kunya na gaya wa wani dattijo a cocinmu, ya ce albashi in ya shigo in miƙa wa matata, kuma in canza hanyar da nake bi in na taso aiki don gidan giyar a bakin hanya yake. Na faɗi sau 2 bayan haka, ba zan ɓoye maka ba, amma duk lokacin dattijon nan yakan zo har gida mu yi addu'a. Goge manhajar cacar nan yau ƙanena, ba gobe ba.

Ɗan Sabon Rai:
Malam tambayarka ta soke ni, gaskiya tsoron a dakatar da ni ne ya sa na yi shiru. Na goge ta yanzu. Baba, katin bankina zan kai wa yayata ta riƙe, kuma zan samu fasto ranar Laraba bayan addu'ar yamma, ku dai tuna da ni don gabana sai faɗuwa yake.