Muhawara: Me ake koya wa ƴaƴanmu da sunan kimiyya?

Baban Rifkatu: Ƴan'uwa cikin Ubangiji, ina gaishe ku. Ina da ƙorafi, kuma ba zan ƙara danne shi ba. A makarantar Kirista ta kuɗi da ƴata take zuwa a nan Maradi an raba wa yara wani ɗan littafi da aka fassara daga Ingilishi zuwa Faransanci, wanda ke cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba, kuma wai dinozor sun yi zamani da mutane har Nuhu ya shiga jirgi da ƙananansu. Da a makarantar Lahadi ake karanta shi, da ban ɗaga murya haka ba, amma a lokacin darasin kimiyya ake koyar da shi, har ana ba da maki a kansa. Adadin nan na 6,000 ba a rubuce yake a Littafin Farawa ba. Wani babban limamin ƙasar Ayaland, James Ussher, shi ya haɗa shekarun zuriyoyi a 1650, ya ce an yi halitta a 4004 kafin haihuwar Almasihu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu ƴan Nijar ne. A Gadufawa, cikin Tenere, aka tono ƙasusuwan dinozor irin su Ouranosaurus da Philippe Taquet ya sa wa suna a 1976, da Nigersaurus da Paul Sereno ya sa wa suna a 1999, kuma duwatsun da aka same su a ciki sun kai shekara miliyan 110. Yaron da aka kai gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga irin ƙasusuwan nan da idonsa. Wannan ɗan littafi tatsuniya ce aka sa wa rigar kimiyya, kuma da kuɗinmu ake cusa wa ƴaƴanmu ita.

Dattijon ikilisiya: Ɗana, na karanta maganarka har ƙarshe, amma kalma guda ta tsaya mini a wuya. Tatsuniya ita ce abin da kaka take yi wa jikoki da dare, ta Gizo da Ƙoƙi, wadda mai faɗa da mai sauraro duk sun san ba ta faru ba. Labarin Nuhu da Ruwan Tsufana yana cikin Maganar Allah, kuma Ubangiji Yesu da kansa ya ambaci zamanin Nuhu. Ina roƙonka ka janye wannan kalma kafin a ci gaba.

Maman Ishaku: Baba ya faɗi gaskiya. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san cewa wanda ya fara kiran babi ɗaya tatsuniya, gobe zai kira tashin Almasihu daga matattu tatsuniya. Ishaku yana wannan makaranta, kuma ban ga abin da littafin ya rage masa ba sai ƙarin tsoron Allah.

Baban Rifkatu: Baba, ranka ya daɗe, ban kira Littafin Farawa tatsuniya ba, kuma Allah ya kiyashe ni da yin haka. Ɗan littafin da mutane suka rubuta nake nufi. A wace aya aka ce dinozor sun shiga jirgi?

Mai wa'azi: A ayar da aka umarci Nuhu ya shigar da kowace irin dabba biyu biyu. In dinozor dabba ne, ai ya shiga. Littafin bai ƙara komai a kan Nassi ba, saboda haka wanda ya zagi littafin ya taɓa Nassi. Kuma ina tambayar masu miliyoyin shekaru, shin kuna wurin sa'ad da aka kafa duniya? Na ji wani masani yana bayani cewa awon kabon da suke taƙama da shi ya sha ba da sakamakon ƙarya.

Malamin SVT (darasin kimiyyar rai da ƙasa): Ɗan'uwa mai wa'azi, bari in yi bayani a kan abin da nake koyarwa. Ba a auna shekarun dinozor da kabon-14, domin rabinsa yana lalacewa cikin shekara 5,730, kuma bayan kimanin shekara 50,000 abin da ya rage ba ya isa a auna. Tsofaffin duwatsu da wasu sinadarai ake auna su, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne uraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit. Uraniyom-238 yana rikiɗewa a hankali ya zama dalma, rabinsa cikin shekara kusan biliyan 4 da rabi, saboda haka in aka gwada yawan uraniyom da yawan dalmar da ke cikin ƙwayar dutse, sai a san tsawon lokacin da ta yi. Da awon dalma a duwatsun da suka faɗo daga sama Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya a 1956, kimanin biliyan 4 da rabi, kuma awon da aka yi ta maimaitawa da wasu hanyoyi bai rushe adadin ba. Ko kabon ɗin ma ya isa ya warware maganar 6,000, domin kaburburan Gobero da aka gano a Tenere a 2000 akwai waɗanda suka kusa shekara 10,000. Damuwata a matsayina na malami kuma Kirista ita ce yaron da aka gaya wa cewa bangaskiyarsa ta rataya a kan wannan adadi. Ranar da ya shiga lise ko jami'a ya ga hujjojin nan, ba adadin kaɗai zai jefar ba, zai ɗauka duk abin da iyayensa da fastonsa suka gaya masa haka yake. Na ga wannan ya faru da ɗalibaina.

Dattijon ikilisiya: Malam, na gode da karatu, amma ba ka ce komai ba a kan kalmar da aka furta. Kai ma kana ganin tatsuniya ce?

Malamin SVT: Baba, da ni ne da na ce kuskure ne, ban ce tatsuniya ba. Amma kuskuren shi ne abin da ya kamata mu duba.

Maman Tabita: Ni ƴar Katolika ce, kuma a wurinmu wannan ba abin faɗa ba ne. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya faɗa a 1996 cewa batun sauye-sauyen halittu a tsawon zamani ya wuce a kira shi zato kawai. Kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1927, fada ne ɗan Beljiyom, Georges Lemaître. Bai bar bagade ba saboda lissafinsa.

Mai wa'azi: Mama, da girmamawa, mu ba ma karɓar koyarwa daga Roma. Kun riga kun ɗora al'ada a kan Nassi tun da daɗewa, don haka ba abin mamaki ba ne ku yarda cewa kakanku biri ne.

Maman Tabita: Ba wanda ya ce kakana biri ne, kuma ban yarda ka fitar da ni daga cikin masu bi ba. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, masu ƙonawa ba su tambayi wace ce ta Katolika, wace ce ta bishara ba.

Maman Ishaku: To shi ya sa ma bai kamata a tono wannan magana ba. Mu ƴan kaɗan ne a garin nan, makarantunmu kuma ba su da yawa. Kuma kowa ya san Baban Rifkatu yana da ƙullin kwamitin makarantar tun rigimar kuɗin rajista.

Baban Rifkatu: Maman Ishaku, wannan ƙazafi ne, kuma ba shi da alaƙa da shekarun duwatsu. Abin da nake so ku sani shi ne, a Amurka, inda irin wannan koyarwa ta fi ƙarfi, kotun ƙoli ta hana tilasta koyar da ita a makarantun gwamnati tun 1987, kuma a 2005 wata kotun tarayya a jihar Pensilbaniya, a shari'ar makarantun garin Dover, ta yanke cewa sabon salonta ma addini ne, ba kimiyya ba. Abin da ya kasa tsayawa a ajin kimiyya can, shi aka fassara aka kawo mana.

Mai wa'azi: Darwin mai koyarwar sauye-sauyen halittu ma ai Bature ne, daga Ingila aka kawo muku shi. Ka zaɓi Baturen da ya dace da son zuciyarka, sannan ka kira namu tatsuniya.

Dattijon ikilisiya: Ko almara ya ce, da da sauƙi, domin Ubangiji ma ya yi koyarwa da misalai. Amma tatsuniya ba ta da mazauni a bakin mai bi.

Maman Tabita: Baba, almara da tatsuniya ai duk ɗaya ne a Hausa.

Dattijon ikilisiya: Ba ɗaya ba ne, ƴata. Ina jin Hausa tun kafin a haifi mahaifiyarki.

Mai kula da zaure: Ƴan'uwa, ya isa haka, bari in taƙaita. Ɗan'uwanmu ya yi amfani da kalma mai nauyi a kan abin da ya shafi Maganar Allah, dattawa sun yi masa nasiha cikin ƙauna, kuma har yanzu bai janye ba. Malam ya kawo wasu ra'ayoyin masana, waɗanda shi kansa ya nuna cewa awonsu yana da iyaka. Yawancinmu mun tsaya a kan cewa makarantar tana yin aikin da iyaye suka kai ƴaƴansu dominsa. Muna jiran ɗan'uwanmu ya nemi gafarar Baba.

Malamin SVT: Shugaba, ban yarda da wannan taƙaitawa ba. Na ce kabon-14 yana da iyaka, shi ya sa ake auna tsofaffin duwatsu da uraniyom, kuma ba wanda ya amsa wannan, ko maganar kaburburan Gobero. Ba a ƙirga ra'ayin kowa ba balle a ce yawancinmu. Ina roƙo a kira taron iyaye da daraktan makarantar, a kawo ɗan littafin a buɗe shi shafi shafi, ni kuma zan zo da littafin SVT na gwamnati a ajiye su gefe da gefe.