San Antonio Spurs a kakar 2025/26: za su shiga fileyof ko kuwa mu ƙara haƙuri?

Mai_Kwando21:

Salam 'yan uwa masu bin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Don Allah ina son jin ra'ayinku akan Spurs kafin a fara kaka a watan Oktoba 2025. Rabon ƙungiyar nan da fileyof, wato wasannin neman kofi na ƙarshen kaka, tun 2019, shekara shida kenan a jere, alhali a da sai da suka yi shekara 22 ba fashi suna shiga. Bara, kakar 2024/25, sun ci wasa 34 sun sha kashi 48, wanda dai ya fi 22 ɗin da suka ci shekara biyu a jere kafin nan. Yanzu ga tauraronsu Wembanyama (Wemby) ya warke daga gudan jinin da ya kwantar da shi, ga De'Aaron Fox an ƙara masa kwantiragin shekara huɗu, ga Stephon Castle da ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa, sannan sun ɗauko Dylan Harper a lamba ta biyu a diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa. Ni a ganina kayan aiki sun haɗu amma abokina yana ta ce min wai zumuɗi ne kawai nake, yara ne ba za su kai labari ba a ɓangaren Yamma na gasar. To wai meye gaskiya? Za su iya shiga shidan farko da ke wucewa fileyof kai tsaye ko sai ta wasan cike gurbi da na bakwai zuwa na goma ke bugawa, ko ma babu duka?

Baban Ummi:

Wa'alaikumussalam ƙanena. Abokin naka bai yi ƙarya ba gaba ɗaya fa, sai dai ni ba ƙuruciyarsu ce damuwata ba, ɓangaren da suke ciki shine matsalar. Ka duba teburin Yamma na bara, Golden State da Memphis kowacce ta ci wasa 48 amma duk da haka sai da suka bi ta cike gurbi, wato na bakwai da na takwas kenan. Kaga in Spurs na son shiga shidan farko sai sun ƙara kusan wasa 15 akan na bara, kuma wa za su ture? Oklahoma da ta ci 68 ta ɗau kofi tana nan da mutanenta, Houston ta ci 52 sannan ta je ta ɗauko Kevin Durant, Denver na da Jokic, Lakers na da Luka da LeBron, ga Minnesota da ta kai wasan ƙarshe na Yamma sau biyu a jere, ga Clippers. Guri ya cika malam.

Kuma akwai abinda masoya Spurs ke mantawa, kowa cewa yake ai da Wemby bai kwanta ba da sun shiga. A'a. Lokacin da aka gano gudan jini a kafaɗarsa ta dama a watan Fabrairu suna da nasara 23 da rashin nasara 29, yana tsaye da ƙafarsa ma suna ƙasa da rabi. Ni dai lissafina 42 zuwa 44, su shiga cike gurbi, daga nan kuma sai abinda Allah ya yi.

Dogon_Yaro:

Haba Baban Ummi, yallaɓai ka cika tsoro wallahi 😂 ai ƙungiyar matasa ba ɗaya bayan ɗaya take hawa ba, tsalle take yi lokaci guda. Detroit fa? 14 suka ci a 2023/24 har da shan kashi 28 a jere, shekara na zagayowa suka ci 44 suka shiga fileyof kai tsaye. Oklahoma shekara bayan shekara ta ci 24, 40, 57, 68. Houston 22, 41, 52. Kuma cikin waɗannan duk babu wadda take da mutum irin Wemby, yaron da wasa 46 kawai ya buga bara amma duk da haka ba wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a duk gasar, yana cin maki 24 da ribawun 11 (cafke ƙwallon da bai shiga kwando ba) a kowane wasa yana ɗan shekara 21. Da ba don dokar nan ta sai ka buga wasa 65 kafin a ba ka kyauta ba ai da ba Mobley ne zai ɗau gwarzon mai tsaron baya ba, kowa ya sani. Ka kalli yadda 'yan wasa ke yi in sun kutso ƙarƙashin kwando suka ɗaga kai suka gan shi, sai kaga mutum ya yi ribas da ƙwallonsa ya koma waje ya miƙa wa wani, wannan ba a rubuta shi a lissafi amma yana hana maki. Ni 50 na ba su kuma ku ajiye wannan maganar.

Baban Ummi:

Detroit a ɓangaren Gabas take ɗan'uwa, a can 44 ta ba su na shida, a Yamma 44 ɗin nan na tara za ta ba ka. Oklahoma da Houston ɗin da ka kawo kuma ai hujjata ce, dukkansu sai da suka yi shekara guda a tsakiya, 40 da 41, ba su shiga fileyof ba sannan suka tashi. Wannan shekarar tsakiyar ita nake cewa Spurs za su yi yanzu.

Hajjo_NBA:

Ku duka kuna ta lissafin wasa nawa za a ci, ba wanda ya taɓo yadda za a jera su a fili, kuma nan ne gizo ke saƙar. Fox, Castle, Harper, su ukun nan aiki ɗaya suka iya sosai, su riƙe ƙwallo su kutsa ciki da gudu. Ba wanda a cikinsu ake jin tsoron jifansa na maki uku. Castle bara ko kashi 30 cikin ɗari bai kai ba daga nesa, Fox ma tun yana Sacramento gudunsa aka sani ba jifan nesa ba, in ka ƙara Sochan a ciki to abokan hamayya komawa za su yi su cunkushe ƙarƙashin kwando su ce bismillah ku jefa daga waje. Shi yasa bara kuka ga Wemby yana jefa maki uku kusan tara a wasa, mutum mai tsawo sama da mita 2.20 yana tsaye can bayan layi, wani ɓangare son ransa ne amma wani ɓangaren babu fili ne a ciki. Harrison Barnes ne kaɗai ya wuce kashi 40 a cikin masu buga minti da yawa kuma shekarunsa sun ja, don haka nauyi na kan Vassell da Champagnie su riƙa zurawa.

Sannan kar a manta Fox da Wemby wasa biyar kacal suka buga tare, Fox ya zo farkon Fabrairu, Wemby ya kwanta, shima Fox ɗin aka yi masa tiyata a yatsa a watan Maris. Ba su san juna ba tukuna. Chris Paul kuma da ya buga duka wasa 82 yana tsara musu komai ya koma Clippers, in wasa ya rage minti uku ana kunnen doki waye zai kwantar musu da hankali? Matasa a nan suke zubar da wasa, ba a farkon wasa ba.

Abinda ya fi burge ni a duk cinikin da suka yi, wanda ba a cika maganarsa ba, shine Luke Kornet daga Boston. Bara da zarar Wemby ya zauna a benci sai tsaronsu ya zama kamar gidan da ba ƙofa, kowa ya shiga ya zura. Yanzu aƙalla akwai dogon da zai riƙe minti 15 ɗin nan.

Mai_Kwando21:

Gaskiya Hajiya kin buɗe min ido akan maganar jifan nesa. To batun lafiyar tasa fa, gudan jinin ba ya dawowa? Ina tuna shi ya kawo ƙarshen wasan Chris Bosh. Ga kuma koci sabo, Mitch Johnson, tunda tsohon koci Popovich ya sauka.

Hajjo_NBA:

Na Bosh daban ne ɗan'uwa, nasa ya kai huhu kuma ya sake dawowa. Wanda ya fi kama da na Wemby shine na Brandon Ingram a 2019, shima a hannu aka samu, aka yi masa aiki ya dawo har aka zaɓe shi All-Star, wato cikin taurarin gasar, a 2020. Likitocin Spurs sun sallami Wemby ya koma atisaye tun watan Yuli. Ni abinda nake tunani ma shine za su riƙa hutar da shi a wasannin da ake bugawa kwana biyu a jere, kuma duk ranar da bai buga ba to ka cire rai da wannan wasan sai dai sa'a.

Mitch Johnson kuma ba baƙo bane, shi ya ja ragamar ƙungiyar kusan duk kakar bara tun da Popovich ya samu shanyewar ɓarin jiki a farkon Nuwamba 2024, kuma Popovich ɗin yana nan a ofis a matsayin shugaban harkar ƙwallon ƙungiyar. Jarrabawarsa ita ce ranar da zai ce wa ɗaya daga cikin Castle ko Harper ya fara daga benci, don ba zai ajiye Fox da aka ba shi sama da dala miliyan 200 ba.

Dogon_Yaro:

Harper ne zai fara daga benci mana, ai ba gardama, Ginobili, tsohon tauraron Spurs, ma yawanci daga benci yake farawa kuma ya ɗau kofi har huɗu a gidan nan. Baban Ummi ina nan akan 50 ɗina, mu haɗu a watan Afrilu.

Baban Ummi:

Allah ya kaimu. In sun kai 48 ma zan zo nan in ce ka fi ni gani, amma sai Wemby ya buga wasa 70.